Yadda Ake Kafa Rumfar Jiran Mota a Bakin Titin Ƙauye

Daga garinmu zuwa bakin kwalta tafiyar rabin awa ce a ƙafa. Mai zuwa asibiti, da mai zuwa kasuwa, da mai kai amarya birni, duk a kwanar shiga garin suke tsayawa, a gefen titin Kano zuwa Haɗeja. A da akwai wata tsohuwar tsamiya a wurin. Da iskar wata damina ta kayar da ita, sai wurin ya zama fili fetal, babu inda mutum zai raɓa.

Wata rana cikin bazara na dawo daga gona na tarar da gwaggona a kwanar. Ta zauna a kan buhun gyaɗarta, ta kwantar da jikanta mai zazzaɓi a cinya, ta ɗaga gefen mayafi tana kare masa rana da shi. Na ce, "Gwaggo, tun yaushe kike nan?" Ta ce, "Tun hantsi, ɗan nan. Mota uku ta wuce, duk a cike." A lokacin an kusa kiran azahar. Na taɓa goshin yaron na ji kamar garwashi.

Jiran ya ƙara tsawo tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023. Direba ba ya barin tasha sai motarsa ta cika maƙil, don haka mu da muke tsakiyar hanya sai mun jira wanda ya sauke wani kafin mu sami gurbi. Kawo mota ba a hannunmu yake ba. Inuwa da wurin zama kuwa, wannan gari zai iya yi wa kansa.

Sau biyu muka kafa rumfa a kwanar nan. Ta farko ba ta ga ƙarshen daminarta ta fari ba. Ta biyu tana nan daram. Abin da zan jero a nan shi ne abin da muka koya tsakanin biyun.

Fara da zama a wurin, kafin ka taɓa aljihu

Kada a sayi ko ƙusa ɗaya sai an yi mako guda ana lura. A sami mutum biyu ko uku su riƙa zuwa da sassafe, da hantsi, da bayan la'asar, su ga mutum nawa ke taruwa, a ina daidai suke tsayawa, kuma ina suka nufa. Dole makon ya haɗa da ranar kasuwa, domin ranar ce ke nuna girman taron na gaskiya. A wajenmu Lahadi ce, ranar Gujungu, sai Alhamis da masu dabbobi ke nufar Maigatari. Mutanen yankin Wudil su duba ranar Juma'a.

Ƙasa ma tana magana. Inda ciyawa ta mutu, aka zubar da ɓawon rake da kwanson gyaɗa, inda sawun taya ya sauka daga kwalta ya koma, nan ne tashar da mutane suka zaɓa wa kansu. Na sha ganin rumfuna masu kyau a hanya, an yi musu fenti, amma awaki ne a ciki, mutane kuwa suna can gaba kaɗan cikin rana. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya tsaya a rana alhali ga inuwa, ya san in ya shiga inuwar nan mota za ta wuce shi.

A tambayi direbobin da ke bin hanyar da yaran motarsu inda ya fi musu sauƙin taka birki. A tambayi 'yan acaɓan da ke ɗaukar mutane daga kwanar zuwa cikin gari. Sannan a tambayi mata, kuma ba a gaban taron maza ba. Mu ungozomar gari muka roƙa ta ji mana ta bakinsu, ta dawo mana da abu biyu da ba wanda ya kawo a zamanmu: suna son gefensu daban, kuma ba sa son bango mai tsawo da zai ɓoye wanda ke ciki.

Sai batun wane gefen titi. Tun 1972 da aka yi canjin hannu, motoci a ƙasar nan hannun dama suke bi, ƙofar bas ma a dama take. Wanda ya sauka daga mota ba ya jira, gida yake nufa. Mai tafiya ne ke jira. Saboda haka in kuɗin rumfa ɗaya kuke da shi, ku kafa ta a gefen da motocin zuwa babban gari ke bi, don kada tsohuwa da kaya ta riƙa tsallaka titi a guje duk sanda mota ta tsaya.

A tabbata wurin ba tarko ba ne

Nan ne ya kamata a fi tsananta wa kai, domin rumfa tana tara mutane wuri ɗaya, kuma tara mutane a mugun wuri ya fi barinsu a rana muni. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 kafin ka ƙifta ido ka buɗe, wato cikin daƙiƙa ɗaya. Direban tirela mai lodi, ko da ya gani da wuri, yana buƙatar dogon fili kafin ya tsaya.

Don haka ban da kan lanƙwasa, ban da bayan tudu, ban da bakin gada ko kwalbati. Kada kuma a ɗora ta daidai bakin hanyar da ke shiga gari, inda za ta tare wa mai fitowa da babur ko amalanke ganin titi. A gota mahaɗar da ɗan taku, ta yadda mota za ta wuce bakin hanyar sannan ta tsaya.

Ga gwajin da muka yi, ba ya cin ko kwabo. Mutum ɗaya ya tsaya inda ake son kafa rumfar. Wani ya taka taku ɗari biyu ta inda motoci ke fitowa, ya durƙusa daidai tsayin wanda ke zaune a ƙaramar mota, ya duba. In bai ga abokinsa tun daga ƙafa har kai ba, wurin bai yi ba. A maimaita ta ɗaya ɓangaren. A kuma tuna cewa filin da kake gani tas a rani, a watan Satumba dawa ta rufe shi.

Daga bakin kwalta a bar aƙalla mita uku na tsayawar mota, yadda bas za ta sauka gaba ɗaya daga kan titi, sannan a ƙara mita biyu kafin ginshiƙan gaba. In fili ya ba da dama a ƙara.

A ɗaga kai sama: ba a kafa rufin kwano a ƙarƙashin wayar lantarki. A sunkuya ƙasa: ina ruwa ke kwanciya a watan Agusta? Mai gonar da ke gefen ya fi kowa sani. Mutanen ƙasar Haɗeja da Auyo da Ringim ba sa buƙatar a tuna musu ambaliyar 2022. Inda aka san iyakar da ruwa ya kai a shekarar, a yi ƙoƙari daɓen rumfar ya ɗara shi.

Neman izini

Ana farawa daga gida: mai unguwa, sai dagaci, shi kuma ya kai maganar gaban hakimi. Ranar da muka je wa dagacinmu, bayan gaisuwa na ce, "Ranka ya daɗe, inuwa muke so mu yi wa masu jiran mota a kwana." Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Madalla. Amma filin na wa ne? Ku fara kawo mini mai gonar." Gaskiyarsa. Gefen da muka zaɓa ya ci kunya biyu na gonar wasu magada. Sai da babban wansu ya amince a gaban shaidu, aka rubuta takarda, kowa ya sa hannu, dagaci ya buga hatimi. Kada a raina takardar nan. Wanda ya ba da fili da baki yau, gobe ba ya nan, ɗansa kuma bai ji ba.

Bayan haka sai mai titin. Kowane titi da mai shi: akwai na tarayya, irin na Kano zuwa Zariya da na Kano zuwa Maiduguri da ya bi ta Wudil, akwai na jiha, akwai na ƙaramar hukuma. A titin tarayya, kimanin mita 45 daga tsakiyar titi ta kowane gefe filin hanya ne a doka, ke nan duk rumfar da za ta yi wa fasinja amfani a cikinsa za ta faɗa. A rubuta wasiƙa zuwa sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, a haɗa da ɗan zanen wurin da awonsa, a roƙi su turo ma'aikacinsu ya gani, su kuma nuna inda za a nufa in titin ba nasu ba ne. A riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Kansilan mazaɓa yana da amfani wajen bibiya.

A kuma leƙa ofishin ƙungiyar direbobi ta NURTW mafi kusa. Ba izininsu ake nema ba, amma in shugaban reshe ya faɗa wa direbobinsa cewa ga inda za a riƙa tsayawa, an gama rabin aiki. A fayyace musu tun farko cewa wannan rumfar jira ce, ba sabuwar tasha ba, babu kamasho, babu karɓar ko sisi daga hannun kowa.

Kuɗi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannu hamsin ma ba sa riƙe asusu. Mutum biyar sun isa kwamiti, a ciki a sami mace ɗaya da direba ko ɗan acaɓa ɗaya. Wanda ke riƙe kuɗi daban, wanda ke rubutawa daban. Duk Juma'a bayan an idar da salla a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita.

A yi karo-karon da kaka, lokacin da kowa ke da abin bayarwa. Tiyar gero ko ta riɗi gudummawa ce, haka amalanken yashi, haka yinin magini. 'Yan gari mazauna Kano da Abuja da Legas suna bayarwa in sun ga hoton wurin da lissafi a WhatsApp. In ɗan siyasa ya kawo nasa a karɓa a yi godiya, amma ra'ayina kada a yarda a rubuta sunansa ko a yi fentin jam'iyya. Ranar da rumfa ta zama ta wane, rabin gari sun daina ganin ta a matsayin tasu.

Ba zan faɗi farashi ba, domin kuɗin siminti da kwano na wannan watan ba shi ne na watan gobe ba. A sa mai walda biyu da kafinta biyu kowa ya yi nasa lissafin, kuma da zarar kuɗi sun taru a mai da su kaya. Ginin kansa a yi shi tsakanin Janairu da Maris, a gama kafin hadarin farko.

Fasalin rumfar

Tamu mita shida ce a tsawo, mita uku a faɗi, kuma tana ɗaukar taron ranar kasuwa in an ɗan matsa. Tsayin gaba, wato ɓangaren titi, mita uku, na baya mita biyu da rabi. Ruwan rufi sai ya zuba ta baya, ba a kan mai shiga mota ba. Kada a yi ƙasa da haka. Rufin kwano in ya matso kusa da kai a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gara rana da shi.

Kowa a ƙasar nan ya san hadari daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas, rana mai ƙuna ta yamma take shigowa bayan azahar. Titi ne ke yanke inda rumfa za ta fuskanta, ba kai ba, amma kana iya zaɓar inda za ka sa kariya. In bayan rumfar ne ke kallon gabas, an dace. In gefe ne, a yi rabin bango a wannan gefen. In kuwa gabanta ne ke kallon gabas kai tsaye, to iska za ta riƙa shiga ƙarƙashin rufin, sai a ninka ɗauri, a kuma bar wadataccen fili a saman bangon baya don iskar ta sami mafita.

Abu ɗaya da ba a tauye shi: in kana zaune a ciki kana fuskantar titi, motar da za ka hau ta hagunka za ta ɓullo. Wannan gefen a bar shi a buɗe. In mai jira ba ya hango mota daga zaune, zai tashi ya koma bakin kwalta, rumfar ta tashi a banza ke nan.

Bangon baya kada ya wuce ƙirjin babba. A jingina dakali da shi, tsayinsa daga daɓe kamar santimita 45, yadda tsoho zai zauna ya tashi ba tare da an kama shi ba. Dakalin bulo da siminti ya fi benci, don benci yana da ƙafa, wata rana sai a gan shi a gidan biki. A raba dakalin biyu da ɗan gajeren bango a tsakiya, mata gefe, maza gefe. A bar wani sashe na daɓen babu dakali, na buhuna da kwandon kaji da keken guragu. Wajen shiga a yi gangare mai sauƙi maimakon matakala.

Ginin kansa

A share fili, a kafa turaku, a ja igiya. Don kusurwa ta miƙe, a auna mita uku a igiya ɗaya, mita huɗu a ɗayar, in tsakanin alamomin biyu ya ba da mita biyar cif, kusurwar ta yi daidai.

Ginshiƙai takwas, huɗu gaba huɗu baya, mita bibbiyu tsakani. Bututun ƙarfe mai kauri, inci uku, shi ya fi. A haƙa rami mai zurfin santimita 70 ko fiye, musamman a ƙasa mai rairayi irin ta arewacin Jigawa. Mai walda ya gicciya guntun rodi a gindin kowane ginshiƙi, don kankare ya riƙe shi kada iska ta zare shi kamar an zare kara. Kwaɓin shi ne buhun siminti ɗaya, kwanon birkila huɗu na yashi mai tsabta, takwas na tsakuwa. Kada a cika ruwa. A tsayar da kowane ginshiƙi a duba miƙewarsa ta fuska biyu, a tokare shi, a bar shi. Daga washegari a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Da rani ana ganin kamar ya bushe ya yi ƙarfi cikin yini ɗaya, alhali siminti da danshi yake nuna, in ya bushe da wuri sai ya riƙa marmashewa.

Inda ƙarfe ya gagara, azarar giginya tana yi, gara ba ta cika damun ta ba. In katako ne, a shafe shi da baƙin mai, gindin kuma a jiƙa shi sosai kafin a binne.

Daɓe a ɗaga shi ya ɗara ƙasar wurin da aƙalla taƙi guda. A zagaye da bulo layi ɗaya ko biyu, a cika da marmara kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana daddaɓewa, ba a juye gaba ɗaya ba. Sannan a zuba kankare a sama, a ɗan karkata shi waje, kuma kada a goge shi ya yi santsi.

Yanzu rufi, inda muka sha kashi. Rumfarmu ta farko katako muka ɗora a kan ginshiƙai muka buga ƙusa daga sama, muka bar kwanon ya zarce sosai ta kowane gefe don inuwa ta yi faɗi. Kowa ya yaba. Daren da hadarin farko ya taso, ina kwance na ji iskar tana kaɗa ƙyauren ɗakina, gabana ya faɗi. Da asuba muka tarar da ginshiƙai tsaye tsirara, rufin kuwa yana can cikin gonar mutane a kife, ƙusoshinsa a miƙe kamar haƙoran matsefi. Allah ya tsare da dare ne, babu kowa a wurin. Wani dattijon kafinta da ya zo kallo ya ɗaga katakon ya juya shi, ya ce mini, "Yaro, iska ba tura rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. Kun yi ginin da zai ɗauki nauyi daga sama, ba ku ɗaure shi da ƙasa ba."

Wannan magana ita ce dukan ilimin rufin rumfa. Ƙusar da aka buga daga sama, hanyar da ta shiga ta nan iska ke zare ta. Saboda haka kowane mahaɗi, daga kwano har gindin ginshiƙi, sai an ɗaure shi. In da hali a yi gadon rufin da ƙarfe a walda shi da ginshiƙai. In katako ne, a huda a sa noti mai ratsawa, ko a naɗe shi da siririn rodi a murɗe. Katakon da kwano ke kwanciya a kai kada tazararsu ta wuce santimita 75, kowanne kuma a ɗaure shi da waya mai kauri bayan ƙusa. A yi amfani da ƙusa mai hula, a buga ta a kan tudun kwano ba cikin kwarinsa ba, don kada ya yi yoyo. A tsakiya ana iya tsallake tudu ɗaya, amma a layin gefe da kusurwoyi kowane tudu sai ya sami tasa, domin daga nan iska ke fara ɓamɓara. Ƙusar da ta ɓullo ta ƙasa a lanƙwashe bakinta. Zarcewar kwano daga ginshiƙi kada ta wuce rabin mita.

Bandir ɗaya na kwano falle ashirin ne, kuma biyu sun ishi rumfa mai wannan girma har a ajiye rara na gyara. A sayi mai kauri ko da ya fi tsada. A ƙarƙashinsa a shimfiɗa zana ko asabari a ɗaure, a saman kuma a shafa farin fenti. Wanda ya taɓa zama ƙarƙashin kwano tsirara da azahar zai ji bambancin nan take.

Garin da bai tara kuɗin wannan duka ba kada ya zauna jira. Gofa takwas da zana da karan dawa, aikin gayya na yini guda, sun fi babu nesa ba kusa ba. Sai dai a san duk shekara za a sabunta, kuma a nisanta wuta da ita.

Inda mota za ta tsaya

Ana yawan gama rumfa a manta da wannan. A yawancin titunanmu ruwa ya cinye gefen kwalta, ya bar gaɓa mai kaifi. Direban Sharon ko Golf da ya cika kaya ba zai sauka wannan gaɓar ya fasa taya ba, sai ya tsaya a kan titi, fasinja su yi ta lodi tireloli na wucewa ta jikinsu. A cike gaɓar da marmara har ta yi daidai da kwalta, tsawon da bas biyu za su tsaya, da ɗan gangaren shiga da na fita. In akwai magudanar ruwa a gefen, kada a toshe ta, a sa kwalbati. Duk bayan damina sai an ƙara marmarar.

Tsakanin wurin tsayawar mota da rumfar a binne tsofaffin tayoyi rabi a ƙasa, a shafa musu farin fenti, a bar ƙofofin wucewa. A liƙa wa ginshiƙan gaba leda mai ƙyalli irin ta bayan manyan motoci.

Za a sami masu cewa a yi tudun rage gudu a kan titin. Kada gari ya yi wannan da kansa. Tudun da aka yi da dare, ba alama ba fenti, ya sha kifar da mota da babur. In ana ganin wurin yana buƙata, a rubuta wa masu titin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, su zo su duba.

Ruwa, bishiya, fitila

Randa biyu a gefen da rana ba ta bugu, a kan ɗan dakali mai yashi a jiƙe, da murfi, da moɗa mai dogon hannu ta ɗiba, kofin sha kuma daban.

Rufi na shekaru ne, bishiya ta jikoki ce. A dasa darbejiya biyu ko uku ta yamma da rumfar a watan Yuli, lokacin da ruwa ya zauna, a nisanta su mita biyar daga ginin saboda saiwa, kuma kada su tare ganin titi. A kewaye su da ƙaya ko bulo, in ba haka ba awaki ba za su bar su su kwana ba. Ranin farko ne mai wuya. Ruwan wanke randa ya ishe su in ana zuba musu kullum.

Fitila mai aiki da hasken rana guda ɗaya ta wadatar, saboda masu fita da asuba da masu saukowa bayan isha. A walda ta can sama cikin keji, ba a ɗaura da noti ba.

Wa zai riƙe ta

Ranar buɗewa kowa na nan. Bayan wata uku ne ake gane ko rumfa tana da mai ita. In ba a ɗora wa wani ba, ga yadda abin ke tafiya: 'yan acaɓa su fara shigar da babura inuwa, samari su mai da dakali majalisa, mai sayar da fetur a kwalba ya jera kayansa a gaba. Macen da aka yi rumfar dominta ta zo ta ga maza sun cika wurin, kunya ta hana ta shiga, ta koma rana. Na ga alamar haka a makonnin farko, kuma shi ya fi ɓata mini rai fiye da rufin da iska ta ɗauke.

Abin da ya yi mana magani shi ne wani mai shayi. Aka ba shi wuri a gefen rumfar, ba a ciki ba, murhunsa nesa da zana. Ba ya biyan haya. A madadin haka shi ke shara, shi ke cika randa, shi ke ba bishiyoyi ruwa, kuma shi ke cewa, "Samari, a tashi a ba Inna wuri." Da yake dagaci ne ya ɗora shi a gaban jama'a, maganarsa tana da nauyi. 'Yan acaɓa kuma ba korar su aka yi ba, don su ma rana ke dukansu: an taya su kafa tasu rumfar ta zana a bakin hanyar shiga gari, inda fasinjansu ke sauka.

Fetur kam babu sassauci. Wanda ya san abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoba na 2024, inda gobarar tankar mai ta ci rayukan mutum sama da 150 a gefen wannan titin namu, ba sai an yi masa dogon bayani a kan haɗa mai da wuta da taron jama'a wuri ɗaya ba. Mai sayarwa ya matsa can nesa.

A jikin bangon baya mun rubuta ranakun kasuwannin da ke kewaye, da lambobin wayar direbobi uku 'yan yankin da suka yarda a kira su in an sami mara lafiya ko mai naƙuda da dare.

Duk shekara a farkon Afrilu, kafin gabas ta fara haɗa baƙi, kafinta ya hau rufin da guduma da ƙusoshi a aljihu. Ya bi layin gefe tudu bayan tudu, ya canza duk ƙusar da ta ɗago, ya murɗa wayar da ta saki. Wani ya tona gindin ginshiƙai kaɗan ya duba tsatsa ko gara, a kankare tsatsar ko garar a shafa fenti ko baƙin mai. A sauke zanar da ta ruɓe a sa sabuwa, a yashe bakin kwalbati. Kuɗin wannan daga ragowar asusu yake fitowa, shi ya sa tun ranar karo-karo ake ware kashi ɗaya cikin goma a ajiye, ba a taɓa shi ko da ginin ya nemi ƙari.